Maraƙin Ciyawa a Bayan Sahu

A shekarar da fari ya cinye shanun mutane, ba a daɗe da komawa naira ba, rugarmu tana bayan Farin Dutse. Lokacin ba a yanke Jigawa ba, duk ƙasar Kano ake ce mana. Ni 'yar rugar Surko ce, aure ya kai ni Farin Dutse. Iyayena sun riga sun rasu, ƙanina ne ya gaji sandar gidan, kuma a wannan rani mutanen Surko sun gangaro neman ruwa har kusa da iyakar Gwaram. Tsakaninmu da su tafiyar hantsi ce kawai.

Ba zan kira sunan kowa ba. Sunan miji dai ban faɗa ba yana da rai, ba zan fara ba yana kwance. Sauran kuma jikokinsu suna auren juna yanzu, babu abin da suna zai ƙara musu.

Ranar Juma'a ce. Maza sun tafi masallaci a Gwaram, mai gidana ya tsaya da shanu don ranarsa ce. A mashaya, bayan azahar, aka zo ta bayansa aka sauke masa sanda a ƙeya. Bai ga kowa ba. Da ya farfaɗo, ya ji shi a ɗaure da rawaninsa a jikin tsamiya, rabin garke babu.

Shanun tatsa ba sa fita kiwo da 'ya'yansu. Maruƙa suna gida a ɗaure a dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera su a jikinta, sai yamma iyaye su dawo musu. To, yamma ta yi, ragowar garke ya shigo. Maruƙan da aka kore iyayensu suka miƙe gaba ɗaya, suka juya fuska hanya ɗaya. Ba su yi kuka nan da nan ba. Tsayuwa suka yi suna kallon hanya, kamar sun ga wani abu yana tahowa wanda mu ba mu gani. Har yau idan na ga yara sun yi shiru lokaci guda, wannan yammar nake tunawa.

Cikin waɗanda aka kora har da tawa, fara mai karyayyen ƙahon hagu. Kakarta ubana ya ba ni ranar sunana, da zuriyarta na zo gidan aure. Ita ke shiga gaba, inda ta sa kai nan sauran ke bi. Ta bar mini maraƙi ɗan wata biyu.

Aka bi sawu, ya nufi ɓangaren mutanen Surko, ya ɓace a kan duwatsu. Daga ranar, idan na iso inda maza ke magana sai su yi shiru. Ban ga laifinsu ba. Kowa ya san fari ya kwantar da garken ƙanina, kuma kowa ya san a shekarun nan manyan motoci sun fara zuwa kasuwanni suna kwasar shanu zuwa kudu, ba a tambayar inda saniya ta fito. Kwana uku, na ji wani wari daga bayan ruga, mai ɗaci, yana kama maƙogwaro. Dafin kibiya ake dafawa. Mai gidana da ɗaurin kai a zaune yana juya tukunyar.

A ranar ne limamin Zandam ya zo. Tsoho ne manomi, ba mai shanu ba, ciwon yana ya rufe idonsa duka biyu, sun yi fari fat. Shi kaɗai yake yawo a kan jaki, jakin ya fi shi sanin hanya. Yana sauka ya ɗaga hanci.

Ya ce, “Kai, wace miya ake yi a gidan nan? Ko kare ba zai sha ba.”

Ya laluba ya zauna kusa da mai gidana.

“Sannu da ƙeya. Da ka zo Juma'a, ai da kanka bai fashe ba.”

Mai gidana ya ce, “Da na zo, Malam, da har maruƙan sun kwashe.”

“Ku dai saniya ta fi muku sahun gaba. To na ji. Sauke tukunyar nan mu yi magana.”

Ina bayan zana ina ji. Ya ce ya riga ya je rugar Surko sun yarda, saura mu. Ranar Alhamis da hantsi duk namijin da ya isa riƙe sanda, daga can da nan, zai zo filin Idin da ke bayan Zandam, babu kwari da baka, babu wuƙa. Za a yi sahu a gauraye, a yi nafila, sannan a zauna ana kallon gabas shi yana addu'a. Babu mai waigawa. Duk wanda yake da saniyar da ba tasa ba, ta bana ce ko ta bara waccan, to ta zo ta tsaya a bayan sahu. Ba za a tambayi wanda ya koro ta ba, ba za a tambayi inda ta kwana ba, har abada. Idan kuwa rana ta take tsaka babu abin da ya zo, zai kwance gafaka ya ajiye Alƙur'ani a kan buzu, kowa ya zo da alwalarsa ya dafa ya rantse.

Mai gidana ya ce, “Idan duk maza suna sahu, wa zai koro shanun?”

Malam ya ce, “Wannan kuma ba aikinka ba ne. Ni ba na gani, ku ma ran nan ba za ku gani ba.”

Yaran yanzu suna rantsuwa kamar suna tofar da yawu. Mu ba haka muka taso ba. Ina ƙarama akwai wani mai shanu da ya dafa littafin nan a kan ƙarya saboda bijimi ɗaya. Na gan shi da idona daga baya a kasuwar Birnin Kudu, yana zaune a inda ake zubar da shara, yana kiran shanu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana shafa iska. Matansa sun watse, garkensa ya ƙare. Ba labari aka ba ni ba. Saboda haka da na ji maganar gafaka, ba kibiya na ƙara jin tsoro ba. Na san ƙanina, ni na goya shi. Tun yana yaro, idan ya yi ƙarya gara a yanka shi da ya janye ta a gaban mutane.

Sauran maruƙan muka samu suka kama shanun da suka rage. Nawa ya ƙi. Na ba shi nono a yatsa, ya kau da kai. Rana ta biyar ya kwanta, aka yanka shi kafin ya zama mushe. Na ce a feɗe mini shi a hankali, a bar kai da kunnuwa a jikin fatar.

Wannan al'adarmu ce. Saniya ba ta sakin nono sai ta ji ƙanshin ɗanta, don haka idan maraƙi ya mutu akan cusa wa fatarsa ciyawa, a ɗinke, a sa masa ƙafafun itace, a barbaɗa gishiri. Uwar tana lasa ana tatsa. Na zauna na yi shi kamar yadda uwata ta koya mini. Da na tsayar da shi, karen gidan ya yi gurnani ya ja da baya.

Surukata, uwar mai gidana, ta tsaya a kaina da sandarta. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, ba mu cika shiri ba don halinmu ɗaya.

Ta ce, “Ke, uwarsa ba ta nan. Wa za ki ruɗa da shi?”

Na ce, “Ajiye shi zan yi, Inna.”

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Laraba ki je ki gano gida. Ni zan gaya masa ni na aike ki.”

Laraba na naɗe maraƙin a tsohon zane, na ɗora a kai. Ba shi da nauyi, amma ƙafafun suna leƙowa. Wata mata da muka haɗu a hanya ta yi salati ta ratse cikin gona. Kafin in shiga rugar ƙanina na ɓoye shi a cikin wata sabara.

Garken ubana, wanda idan ya taso sai ka ji ƙasa tana motsi, ya koma 'yan tsofaffin shanu da ake ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Matar ƙanina ta tare ni da fara'ar da ta yi yawa. Ta kawo ruwa, ta kawo tabarma, ta tambayi kowa da kowa har da kaji.

Da la'asar ta yi, lokacin da shanun tatsa ke neman 'ya'yansu, sai ta zabura ta ɗauki taɓarya ta hau daka. Daka mai ƙarfi, babu tsayawa. Na tashi kamar zan taya ta, na leƙa turmin. Babu komai a ciki. Itace take bugawa a kan itace, gumi yana zubo mata, idonta a kaina.

Na riƙe taɓaryar.

Da ƙarar ta ɗauke sai na ji. Daga can ƙasa, wajen kwazazzabon da ke tsakanin duwatsu, wata saniya tana kuka. Muryar ta dushe kamar ta wanda ya kwana biyar yana kira. Mai shanu yana gane muryar saniyarsa kamar yadda uwa ke gane tarin ɗanta a cikin taro.

Ƙanina ya shigo kafin magariba. Ya durƙusa ya gaishe ni, “Adda, sannu da hanya.” Haka yake kirana, irin kiranmu na yaya mace.

Na ce, “Gobe za ka dafa littafin?”

Ya ce, “Me zai hana?”

“Na ji muryarta.”

“Kunnenki ne, Adda. Tsufa ya fara.”

“Ni na wanke maka kashi, kada ka gaya mini tsufa. Ka sake su.”

Ya ɗago ido. Ya ce, “Shanun wa? Jinin garken babanmu ne. Ke kina can kina shan kindirmo, 'ya'yana suna lasar ƙwarya. Kin taɓa aikowa ki ce yaya muke?”

Gaskiyarsa, ban aika ba. Wannan na ɗauke shi, kuma ina ɗauke da shi har yanzu. Amma na ce masa yunwa ba ta sa sandar da ya sauke a ƙeyar mutum ta zama halal ba, kuma littafin da zai dafa ba ruwansa da kakar saniya.

Ya ce, “In na sake su, kowa ya san ni ne. Gara in dafa.” Ya tashi ya fita.

Da asuba maza suka yi alwala suka kama hanyar Zandam, ba sanda a hannun kowa. Na tsaya ina kallon bayan ƙanina. Tafiyar ubanmu yake yi, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Na juya wajen matarsa na ce, “Nuna mini bakin kwazazzabon.”

Ta ce, “Adda, ki rufa mini asiri. In ya dawo kashe ni zai yi.”

Na ce, “In ya dafa littafin nan, ba mutum ne zai dawo miki ba. Zauna. Ba ki gan ni ba, kina daka.”

Ta nuna da haɓa, ta koma ɗaki.

An toshe bakin wurin da ƙaya. Na ja reshe biyu, hannuna duk jini. Shanun suna can ciki a takure, sun firgita, an sake yanka musu kunne don a ɓata shaidar gidanmu, ƙuda ya baibaye raunin. Na kira su, suka ƙara matsewa baya. Mace ɗaya ba ta korar garken da ya tsorata, ko da sanda, balle ni da babu. Sai na koma sabara na ɗauko kayana, na kwance zanen, na tsayar da maraƙin a bakin hanya inda iska za ta kai musu.

Saniyata ta daina kuka. Ta fito daga cikinsu a hankali, ƙaho ɗaya a sama ɗaya a karye, hantsarta ta kumbura kamar za ta fashe. Ta zo ta sa hanci a wuyansa, ta ja numfashi mai tsawo. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ban san abin da dabba ke sani ba. Amma na rantse ba kallon wadda aka ruɗa ta yi mini ba.

Na ɗauke shi na ɗora a kai, ban sake rufe shi ba, na kama hanya. Ta biyo ni. Sauran suka biyo ta.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Rana tana hawa, ina kallon inuwata tana gajarta, na san idan ta shige ƙarƙashin ƙafata an kwance gafaka. Ba na iya sauri, don in na yi nisa sai ta tsaya. Numfashinta yana dukan bayan wuyana. Lokaci lokaci sai in ji harshenta ya kai ga ƙafar itacen nan, kayan ya motsa a kaina kamar mai rai. Babu wadda ta yi kuka a cikinsu, babu wadda ta ratse ta ci ciyawa. Na waiga sau ɗaya, na ga nono yana ɗiga daga hantsarta, ya yi layi a kan hanya tun daga inda ido ya ƙure. Ban gamu da kowa ba. Gonaki fayau, ko tsuntsu babu.

Na ɓullo filin Idi ta yamma. Ga su nan a zaune sahu sahu, bayansu kawai nake gani, farar riga da shuɗiya a gauraye. Ban taɓa ganin maza masu yawa haka sun yi shiru ba. Malam shi kaɗai ne ya juyo yana fuskantarsu, hannuwa a sama, gafaka a gabansa, igiyarta an riga an kwance ƙulli ɗaya. Wato shi kaɗai ke kallon inda nake, da fararen idanun nan nasa.

Ƙarar kofato ta isa gare su. Na ga bayan mutane ya sandare. Na gane ƙeyar mai gidana da ɗaurinta, na gane ta ƙanina, mutum biyu ne kawai a tsakaninsu. Kan mai gidana ya fara karkatowa kaɗan kaɗan.

Malam ya katse addu'a, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Wanda ya waiga, shi zai fara dafawa.”

Kan ya koma daidai.

A lokacin ne na ji wani motsi ta hannun damana, daga hanyar Farin Dutse. Surukata ce, tana dogara sanda, tana haki, ta koro jajayen shanu biyu da ɗan maraƙi.

Na san shanun. Shekara biyu kafin nan mai gidana ya shigo da su ya ce a kasuwa ya saya. Na ga kunnensu da ɗanyen yanka a ranar, na yi shiru, har na manta. Ni da nake ganin babu abin da ke wuce idona, kwana da kwanaki ina auna rantsuwar ƙanina, ban tuna ko sau ɗaya ba cewa mijina ma zai dafa littafin nan. Uwarsa ba ta manta ba.

Muka tsaya muna kallon juna, ita da jajayenta, ni da mataccen maraƙi a ka. Na sauke shi na tsayar a ƙasa, uwar ta hau lasa. Na kama hannun tsohuwar muka koma bayan duwatsu. Malam ya ci gaba da addu'a, ya ja ta, ya ja ta, mutane suna ta amin, bai shafa ba sai da muka yi nisan da ba ma jin muryarsa.

Ba a rantse ba. An ce ya ɗaure gafakarsa ya ce kowa ya ɗauki abin da Allah ya mayar masa, kuma duk wanda ya tambayi ɗan'uwansa ta yaya, shi da Allah. Kafin a watse ya sa masu garke suka yi alkawarin aron saniya mai tatsa ga waɗanda fari ya kwashe, har damina ta kama. Mai gidana ya ba da biyu. Ba shi ya zaɓi gidan da za su ba, Malam ne ya zaɓa, kuma gidan ƙanina suka je.

Da yamma mai gidana ya shigo da shanu, maraƙin ciyawa a hammatarsa. Ya wuce ni, ya je dangwali, ya ɗaure shi a madaurinsa na da, tsakanin masu rai. Ya dubi hannuna da ƙaya ta yayyaga, ya dubi uwarsa da ke kwance ƙafa a kumbure. Ya ce, “A zubar da tukunyar nan ta bayan gida, a haƙa rami mai zurfi saboda kaji.” Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

Saniyar ta ci gaba da ba da nono a kan fatar nan har ruwa ya sauka gara ta cinye ta. Kullum da yamma sai ta zo ta lashe shi, ta ɗago ta dube ni, sannan ta saki.

Bayan kaka na kai wa Malam ƙwaryar kindirmo. Ya kurɓa. Ya ce, “Na mai karyayyen ƙahon ne?” Ban amsa ba, bai sake tambaya ba. Wataƙila wani ne ya gaya masa kamanninta. Ban bincika ba.

Ƙanina ya yi shekara huɗu bai taka rugarmu ba. Da ya fara zuwa, yakan gaishe ni yana kallon ƙasa, ya sha ruwa ya tafi. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ya tsufa, garkensa ya dawo, ya aurar da 'ya'yansa. Ranar da ciwon ajali ya kama shi aka aiko mini, na je na zauna a gefensa. Ya gane ni, ya gane kowa, ya kira 'ya'yansa da sunayensu bai kuskure ko ɗaya ba. Ya ce, “Adda, ba ni ruwa.” Na ɗaga kansa na ba shi. Ya yi kalmar shahada da bakinsa, da hankalinsa, ina riƙe da hannun damansa.